Kakana Bai Ajiye Jitarsa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda mu jikoki muke kira Tsoho, ya rasu a Nguru cikin tsananin bazara, ranar wata Talata gab da magariba. Ni ina Gashua inda nake koyarwa, ban samu mota ba sai washegari da sassafe. Kafin in iso an riga an ɗauke shi, a maƙabarta na riske su ana mayar da ƙasa. Ko fuskarsa ban gani ba.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, mutane suka yi ta tururuwa. Ga 'yan kasuwar kifi, ga tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage, ga fataken hatsi daga Kumagannam, ga dangin kakata daga Katuzu. Kowa ya zauna sai ya faɗi alherinsa. Wani ya ce bai taɓa ganinsa a sahu na biyu ba. Wani ya ce shi ya gyara masa injin ban-ruwa a fadama bai karɓi ko goro ba. Wani ya ce shekara da shekaru suna katanga ɗaya ba a taɓa jin kansu ba. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kaf cikinsu babu wanda ya ambaci jita, alhali duk Nguru in ka ce tsohon nan mai jita, gidanmu za a nuna maka.

Wani dattijo da suka yi aiki tare a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ya so ya kuskura. Ya ce, "Allah sarki, da yamma in ka biyo ta lungun nan sai ka ji..." Sai ya haɗa ido da Kawu, ya haɗiye sauran maganar, ya jawo carbinsa.

Kawu shi ne babban ɗan Tsoho, yayan mahaifiyata, babban ɗan kasuwar hatsi ne kuma mutumin kirki, ba zan ɗauke masa wannan ba. Shi ya cike shirun. Ya gyara zama ya ce wa jama'a, "Alhamdu lillahi, Baba ya yi kyakkyawan ƙarshe. Shekara biyu ke nan da ya ajiye wannan abin, ya tuba."

Aka yi ta cewa masha Allah. Ni kuwa raina ya ɓaci. Duk wanda ya zo gaisuwa sai Kawu ya maimaita masa, kamar wata shaida ce da za a tura wa Tsoho kabari. Da yamma kuma na ji shi da kunnena yana gaya wa ƙaninsa cewa da zarar an yi addu'ar uku za a faskara jitar a sa a murhu, kowa ya huta. A nan na ƙudura cewa ba za a binne mini kaka sau biyu ba. Wannan rubutu ma dalilinsa ke nan.

Tsoho makaniken jirgin ƙasa ne. A nan Nguru dogo ya ƙare, don haka direbobin da suka zo daga kudu sukan kwana kafin su juya. A hannun ɗaya daga cikinsu ya fara ganin jita yana saurayi. Mutumin ya nuna masa riƙo uku kacal, da aka yi masa canjin wurin aiki kuma ya bar masa ita. Duk abin da Tsoho ya iya bayan wannan, shi da rediyo da kaset suka koya wa juna.

Tsirkiyar jita ba abin da za ka samu a kasuwar Nguru ba ne, sai ya nemo dabararsa. Sirara ukun da zaren fatsa yake yin su, masu kaurin kuma yakan warware wayar kulocin babur ya zaɓi silin da ya yi masa. Yakan je rumfar masu kayan su ya tsuguna yana murza zare tsakanin yatsu, yana ja yana karawa a kunne. Sun sha tsokanarsa da tambayar wane irin kifi yake kamawa da ba a taɓa ganinsa bakin ruwa ba. Yakan ce musu irin wanda ba a ci ne.

Lokacinsa ɗaya ne, bayan la'asar. Ya zauna a soro kan kujerar tsuguno, ya saita tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta kiɗansa a hankali, ba waƙa, ba taro. Da ya ji an hura lasifikar masallaci sai ya tsaya cak, ko a tsakiyar kiɗa ne. Daga nan sai abin da bai taɓa tsallakewa ba: ya murɗa kunnuwan nan shida ya sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya, ya goge ta da tsumma, ya zura ta a buhun da kakata ta ɗinka mata. Yakan ce zafin garin nan in ya samu jita a ɗaure, lanƙwasa mata wuya yake yi, kuma in wuya ya lanƙwashe babu kafintan da zai miƙe shi. Ranar da gobara ta kama a maƙwabta ana ta ihun a kawo ruwa, sai da Tsoho ya gama sassauta ta shida sannan ya ɗauki bokiti. Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta daina yi masa gorin wannan ba har ya bar duniya.

Ya so ya koya mini lokacin da na gama sakandare. Sati biyu na yi, kan yatsuna suka yi ƙuna suka ɗuri ruwa, na ce na yafe. Ya kama hannuna ya juya shi, ya ce wa Iya ta zo ta ga yatsun amarya, wai da waɗannan nake cika bakin zan ƙwace masa mata. Sannan ya miƙo mini nasa na hagu ya ce in taɓa. Kan yatsun nan huɗu sun yi kanta, tauri kamar busasshen ƙirgi. Ya ce mutane suna zaton kiɗa a kunne yake, alhali a nan yake zaune. In ka yi sati ba ka taɓa jita ba kantar ta fara laushi, in ka yi wata biyu ta tafi, ranar da ka dawo kuma tsirkiya sai ta rama duk kwanakin da ka yi mata. Shi ya sa ko zazzaɓi yake yi sai ya ɗan taɓa.

A kan kiɗan wasu kuwa Tsoho yana da tsaurin ra'ayi, ba ya sayen na kowa. Mutanen Kwango ne gwanayensa, duk da ko kalma ɗaya ba ya ji a yarensu. Yana girmama mutanen hamada na Nijar, ya ce su ba sa gaggawa, sun san inda za su. Masu zuba gudu a kan tsirkiya don a ce sun iya kuwa, da ya ji su sai ya murɗe rediyo ya ce wannan tsere ne. A wurinsa kiɗan jita mai kyau shi ne wanda in mawaƙin ya yi shiru ba za ka ƙosa ya dawo ba. Akwai wani kiɗa guda ɗaya a wani tsohon kaset da ya kai shekara hamsin yana bi. Ya iya shi tsaf, sai wuri ɗaya inda ɗan ƙaramin yatsa zai yi tsalle ya sauka can ƙasan wuya. Kullum a nan yake zamewa. Iya ta haddace wurin har ta sa masa suna rami. Tana daga madafa in ta ji ya doso sai ta ɗaga murya ta ce ga ramin nan, shi kuma ya faɗa, ya ce bakinta ne ya jawo. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai tsallake wurin ya huta ba. Ya harare ni ya ce in ya tsallake, gobe da la'asar me zai zauna yi?

Babban abokin faɗansa shi ne babban amininsa, ladanin masallacin unguwarmu, wani dogon dattijo Babarbare da muke kira Baba Ladan. Tare suka yi samartaka, kuma tun daga lokacin yake ce masa ya rabu da katakon nan. Tsoho yakan ce shi ba maroƙi ba ne, bai taɓa yi wa wani kirari ba, bai taɓa kaɗa wa mace da namiji rawa ba, bai taɓa bari ta ci masa salla ba, malamai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan maganar. Baba Ladan ya ce shi dai ya faɗa. Sau ɗaya abin ya yi tsami, da Baba Ladan ya yi masa maganar a gaban mutane wurin wani suna. Wata guda cur ba sa ko gaisawa, sai dai su haɗa kafaɗa a sahu. Ranar da janaretan masallaci ya mutu, Tsoho ya ɗauko akwatin sifanunsa ya gyara bai ce uffan ba, Baba Ladan ya riƙe masa tocila shi ma bai ce uffan ba. Washegari suka koma faɗansu kamar da.

Ba zan yi wa Kawu rashin adalci ba. Shi ya sha zolayar ɗan makaɗi a makaranta. Da ya je neman aure sai da dangin matar suka aiko bincike ko gidan maroƙa ne. Abin ya zauna masa, da ya yi arziki ya shiga cikin manya kuma sai ya ƙara yi masa nauyi. Shekara biyu da suka wuce ya sami Tsoho ya roƙe shi har da hawaye. Tsoho ya tausaya masa, ya tashi daga soro ya koma ƙuryar ɗakin Iya, ya rage sauti yadda ba za a ji daga waje ba. Kara ya yi wa ɗansa. Kawu kuma ya ɗauki shirun soro ya ɗinka masa rigar tuba.

Dalilin da ya sa ba zan iya haɗiye wannan ba yana Gashua. Shekara huɗu ke nan, mahaifiyata ta kwanta ciwon ƙoda a gidana, har likita ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Tsoho ya taso daga Nguru da buhunsa a kafaɗa. A lokacin ana tsananta bincike a hanya, a wani shinge soja ya ga dogon abu a buhu ya sa kowa ya sauka. Da aka zaro aka ga jita ce, sojan ya ce in tasa ce ya kaɗa. Tsoho ya ce a sassauce take, sai an ba shi lokaci ya saita. Haka mota guda ta tsaya cikin rana, direba yana tsaki, tsoho yana murɗa kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, bai yarda ya kaɗa ta a karkace ba ko don soja.

Da ya iso ya zauna a bakin katifarta. Kwana biyu ba ta yi magana ba. Ya fara kiɗan nan na kaset a hankali, wanda ta tashi tana ji tun tana rarrafe. Da ya zo ramin ya zame, sai ta buɗe ido ta ce, "Baba, har yanzu?" Ta yi dariya, shi ma ya yi, hawaye yana bin gemunsa. Dariyarta ta ƙarshe ke nan da na gani, bayan kwana tara ta rasu. To wannan ne ake so in yarda zunubi ne da aka tuba daga gare shi, a faskara a dafa shinkafar sadaka da shi.

Rana ta biyu da makoki na shiga wurin Iya. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, ta rame a kwana biyu. Da ta gan ni ta yi ƙarfin hali ta ce to mijina, ga shi an bar maka ni, sai muryarta ta karye. Da muka natsu na tambaye ta jitar. Ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Na durƙusa na jawo ta, sai na ga ba a cikin buhu take ba. Na ɗora yatsa a kan tsirkiya, ta amsa. A ɗaure take tamau, duka shidan.

Iya ta ce ranar Talatar ya yi la'asar ya shigo ya zauna kamar kullum. Ya kaɗa har ya zo ramin, ta ce ga shi nan, ya faɗa, ya yi dariya. Sai ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingine jitar da bango ya ce ta ba shi ruwa. Kafin ta juyo da kofi ya kwanta, bai sake tashi ba. Ita ta tura ta ƙarƙashin gado kafin mutane su cika ɗakin.

Hannuna ya kai kan kunnen farko zan sassauta, sai na janye. Duk wanda ya san Tsoho ya san jitarsa ba ta kwana a ɗaure. Wannan ɗaurin shi ne kaɗai shaidata cewa a hannunsa take har ranar ƙarshe. Iya ta ce zafin nan zai lalata ta, ɗakin kwano ne. Na ce na sani, ta yi haƙuri zuwa gobe, a gaban jama'a zan fito da ita. Ta ce in tuna Kawu uba ne a gare ni, in na kunyata shi a bainar jama'a babu uwar da za ta je ta ba shi haƙuri a madadina. Na ce na ji. Na mayar da ita ƙarƙashin gado a ɗaure, raina yana suya don na san abin da rana take yi mata.

Da safiyar uku aka taru, mutane sun fi na ranar farko. Aka yi karatu, aka fito da waina da gumba. Kafin liman ya shafa, Kawu ya tashi yin godiya, ya sake kawo maganar, wannan karon har da cewa a taya su murna Baba ya rabu da kayan wasa kafin ya koma ga Ubangijinsa. Na yunƙura zan miƙe. Sai na ji sanda ta gitta a kan gwiwata. Baba Ladan ne, bai ko dube ni ba.

Shi ne mai wankan gawa a unguwarmu, kuma shi ya wanke Tsoho. Kowa ya san ƙa'idar wannan aiki: abin da mai wanki ya gani na aibi a jikin mamaci, da shi zai shiga nasa kabarin, alheri kaɗai aka yarda ya faɗa. Baba Ladan kuwa ko alherin ba ya faɗa, iyakarsa Allah ya jiƙan musulmi. Shi ya sa da ya yi gyaran murya wurin ya yi tsit.

Ya ce, "Alhaji, ni na wanke mahaifinka. Kanta biyu na tarar a jikinsa. Ɗaya a goshi, wannan kowa ya san ta. Ɗaya a kan yatsun hannun hagu, guda huɗu, da taurinsu. Ba hannun wanda ya ajiye shekara biyu ba ne, ko wata biyu." Ya numfasa. "Tun muna samari nake masa faɗa a kan abin nan, da zai tashi yau ma sai na yi masa. Amma ba za a yi masa ƙarya a kan tabarmar makokinsa ina zaune ba. Kun san abin da mai wanki yake faɗa da wanda ba ya faɗa. To, na faɗa."

Babu wanda ya ce masha Allah. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu fuskarsu ta nuna ba su ji daɗi ba, har yau ma akwai masu ganin Baba Ladan ya yi kuskure. Sai dattijon nan na loko ya ƙarasa maganar da ya haɗiye tun shekaranjiya, ya ce in ka biyo ta lungun nan da yamma sai ka ji gajiyar ranar ta sauka. Kawu ya koma ya zauna. Liman ya shafa fatiha aka watse.

Na wuce ɗakin Iya na jawo jitar na rungume. Ba a jima ba na ji takun Kawu. Ya tsaya a bakin ƙofa, na duba hannunsa ko da gatari ya zo, babu komai. Na riga na shirya abin da zan faɗa masa, mai ɗaci ne, kuma na shirya ɗaukar abin da zai biyo baya. Ya daɗe yana kallon jitar, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Tun ranar Talata take a ɗaure?"

Na ce e.

Ya ce, "Kai wane irin jika ne? Sassauta mata. Da siririyar za ka fara, haka yake yi."

Ya juya ya fita. Na murɗa kunnuwan nan ɗaya bayan ɗaya, daga siririyar, Iya tana kuka a hankali. Na goge ta da tsummansa na zura ta a buhu. Wuyan ya ɗan lanƙwashe, kwana ukun nan sun bar mata tabo, kuma laifina ne, na ɗauka.

Tana Gashua yanzu, a ɗakina. Ni da Kawu ba mu sake tayar da maganar ba, bai ce ya yarda ba, ban ce na yi nadama ba. Bayan la'asar nakan zauna da ita, yatsun amarya sun ɗuri ruwa sun fashe sau biyu, sun fara tauri. Ramin ko hango shi ban yi ba tukuna. Maƙwabcina ya riga ya fara yi mini nasiha, na ce masa na gode.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa kurakuransa waɗanda Shi ya fi mu sanin su, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da 'yarsa a gidan rahama. Wanda zai ce amin, ya ce wa mutumin da muka sani, mai kanta a goshi da kanta a yatsu. Wancan da aka ce ya ajiye, ba mu san shi ba, ba a gidanmu ya rasu ba.